Habsatu da Randunan Tsohuwar Tasha

Jirgin ƙasa bai taɓa tako ƙasar Kurfai ba, amma mu mutanen Tungar Gawo muna da guntun hanyarsa. Ƙarfen dogo ne, tsawonsa bai fi kamu biyu ba, yana rataye da sarƙa a reshen babban gawon tsohuwar tasha. Wani direba ne ya zo da shi daga kudu, can inda jirgi ke ƙare tafiyarsa, ya ce mu ma mu ɗanɗana. Da shi ake sanar da gari cewa mota ta iso. In aka buga shi, wanda ke gona ma sai ya ɗago kai.

Mai buga shi Kailu ne, kamashon tasha, mijin Habsatu. Yakan doka ƙarfen da guduma, sannan ya buɗe murya ya ce, "Mota ta zaka!" kamar akwai wanda bai ji ba. Labarin Habsatun zan ba ku, kuma gara in faɗa tun yanzu: taubashiyata ce, uwata da ubanta ciki ɗaya suka fito. Tun muna yara ba mu taɓa zama inuwa ɗaya ba tare da ta tsokane ni na rama ba. Ita tana ce mini Ibrah sarkin surutu, ni ina ce mata uwar taurin kai. Don haka in kun ji na yabe ta, ku tabbata abin ya kai a yaba.

Ubanta, kawuna, mai haƙar rijiya ne, ita kuma a bakin rijiya ta tashi. Tun tana 'yar ƙarama tafin hannunta ya fi na maza kaushi. Ba ta da tsawo, ba ta da jiki, amma in ta kafe a kan magana gara ka je ka ture dutsen Filinge. Ta haifi 'ya'ya da dama a gidan Kailu, Allah ya karɓi abinsa ɗaya bayan ɗaya, ya bar mata mace guda, Sakina. Ban taɓa jin ta kai ƙarar wannan wurin kowa ba.

A zamanin da nake magana, hanyar Filinge zuwa Yamai ta tsakiyar garinmu take bi, jar hanya mai gargada. Duk motar da ta taso daga Filinge sai ta tsaya nan ta sha ruwa, ita da mutanen cikinta, kafin ta fuskanci Bonkuku da Baleyara. Akwai rumfar kwano, akwai rijiya, akwai kuma dandamalin duwatsu da aka gina daidai tsayin bayan babbar mota, don a riƙa kora dabbobi su shiga da ƙafarsu ba sai an ciccibe su ba. Mahauta na gefe guda, mai shayi na gefe guda, mai facin taya yana zagin duk wanda ya taka masa kaya. Habsatu kuwa fura take damawa, tana kuma haɗa kopto, kwaɗon zogalen nan da muka koya wurin maƙwabtanmu Zabarmawa. Direbobi sukan ce ko mota ba ta jin ƙishirwa sai sun tsaya saboda koptonta.

Filin kansa ba na tasha ba ne tun asali. Gonar Malam Aliyu ce, wani dattijo mai gonaki da yawa, shi ya ba da aronta. Ya tsaya gaban maigari da dattawan gari ya ce:

"Na ba da hilin ga aro don baƙo. Muddin randa na da ruwa, baƙo na sha, ba ni da magana, ɗiyana ba su da magana. Ranad da anka iske randa ta bushe, a maido mani gonata."

Shi ke nan sharaɗin, kuma ba wanda bai san shi ba a garin. Aka binne randuna uku a gindin gawo, har wuya cikin yashi don ruwa ya yi sanyi, kowace da kasko a baki, aka rataye moɗa a jikin itacen. Cika su aikin matar kamasho ne. Habsatu tana amarya, lalle bai gama fita a ƙafarta ba, aka ɗora mata tulu.

Sai kwalta ta zo. Masu awon hanya suka ga yashin kwarinmu zai ba su wahala, suka miƙe ta ta bayan dutse. Mun yi murna fa, har da kiɗa da rawa, wai ci gaba ya zo. Ci gaban ya zo kam, amma ta bayan gari ya wuce, ko sallama bai yi mana ba. Mai shayi ne ya fara kwashe bencinsa ya koma bakin kwalta, mahauta suka bi shi, mai faci ya bi su da zage-zagensa. Iska ta riƙa ɗage kwanon rumfa, wanda ta bari kuma masu gyaran ɗaki suka taimaka mata. Kailu ya ci gaba da fitowa kullum da hantsi, ya zauna gindin gawo da gudumarsa a kan cinya, kunnensa na hanya. Bai jima ba ya kwanta, bai kuma tashi ba. Ba a faɗi sunan ciwon ba, amma mu mun san shi.

Ko da Habsatu take takaba randa ba ta bushe ba. Takan fito da sassafe a lulluɓe, ta cika, ta koma ba ta ce wa kowa uffan ba. Muka ce don mamaci take yi, in ta fita takaba za ta bi Sakina, wadda ke aure a Filinge, ta je ta huta. Washegarin fitarta sai ga ta bakin rijiya da guga. Ta wanke randunan nan tas, ta cika su, ta share filin tasha tun daga gawo har dandamali kamar ana jiran gwamna. Na tsaya ina kallonta.

"Ke Habsatu, wa za shi sha wanga ruwa? Aljannu?"

"In sun ji ƙishirwa su sha," in ji ta. "Kai ma da kake tsaye, ba aikin hwari ba na baƙi, zo ka sha."

Haka ta yi ta yi, rani da damina, har yaran da aka haifa shekarar kwalta suka yi gemu. Kullum ta zubar da ruwan jiya a gindin gawo ta zuba sabo. Wani lokaci mai shan ruwan bai wuce mai jaki ɗaya da ya fito itace ba. Sakina ta zo ɗaukarta har ta gaji da zuwa. Wasu suka ce taɓin hankali ne, wasu suka ce son miji ne ya yi mata yawa. Ni dai na san taurin kai ne, don gadon gidan kawuna ne. Masu sayen tsohon ƙarfe sun taɓa zuwa da amalanke, har ɗayansu ya hau gawo zai kwance sarƙa, sai ga ta da taɓarya.

"Sauko, ɗan nema! Wanga ƙarhe ba na saidawa ba na. Kuma ba mai buga shi sai ranad da mota tat tsaya nan."

Ya sauko ba shiri. Gudumar Kailu kuwa ta kai ta ƙarƙashin gadonta ta ajiye. Masu gini ma da suka ƙyalla ido a kan duwatsun dandamali, hawa ta yi ta zauna a kai da audugarta da mazari, ta ce duk mai son dutse ya fara ɗauke ta.

Aibinta ɗaya ne, kuma ba zan rufe ba: rowar lada. Ba ta yarda kowa ya zuba ko moɗa guda a randunan nan. In wata ta tausaya mata ta ce, "Inna, kawo in kama maki," sai ta murtuke fuska ta ce, "Ladana na. Kowa shi nemi nashi." Na ga masu rowar hatsi, na ga masu rowar goro, amma mai rowar wahala a kanta na fara gani.

Baƙon da take jira ya zo, amma ba cikin mota ba. Hamidu ne, wani Bafillace mai korar dabbobin mutane daga arewacin Filinge zuwa kasuwar Baleyara. Kwalta ba ta yi wa irinsu rana ba: motoci na banke musu tumaki, zafinta na cin kofaton shanu. Wata rana cikin bazara ya ce bari ya gwada tsohuwar hanya. Ya iso tashar nan maƙogwaro a bushe, ya ga kufai, ba rumfa ba mutum, amma fili a share, randuna cike da ruwa mai sanyi. Shi da bakinsa ya gaya mini sai da ya yi ta bisimilla kafin ya taɓa moɗar, don ya ɗauka ba aikin ɗan Adam ba ne. Yana cikin sha sai ya ji murya a bayansa:

"Sha ka ƙoshi, baƙo. Ga rijiya can don bisashenka."

Ya ce saura kaɗan ya ƙware.

Daga Hamidu magana ta bazu cikin masu kore. Sannu a hankali tsohuwar hanya ta zama burtali, tasha ta zama zango. Garke ya iso da azahar, ya sha, ya kwanta inuwar gawo yana tuƙa, da la'asar ya tashi. Inda garke ya kwanta kuwa, kun san abin da yake bari. Habsatu mai shara ce, ba ta iya ganin kashin shanu a filinta, sai ta riƙa tara shi bayan dandamali har ya zama tsibi. Taki kam ba ta rowarsa. Matan gari suka riƙa zuwa da kwanduna suna ɗiba, suna kai wa gayaunansu, 'yan gonakin nan da miji ke yankar wa mace. Kuɓewa ta yi, wake ya yi, yakuwa ta yi. Filin tashar kansa, da yake fari fat, ya koma baƙi ƙirin, ƙasa mai maiƙo, in ka damƙa sai ta dunƙule a hannu.

Wannan baƙar ƙasa ita ta jawo magana. Zaidu jikan Malam Aliyu ne, kuma kada ku ɗauka mugu ne. Mutum ne mai iyali da yawa, gonakin kakan an rarraba su tsakanin magada har nasa kason bai taka kara ya karya ba. Ga shi ƙasar ta gaji, hatsi na fitowa jefi-jefi kamar gashin kaina. Kullum in zai tafi gona ta gefen tasha yake bi. Manomi ya ga ƙasa irin wannan kwance ba shuka, ai sai ta hana shi barci. Ya kai magana gaban maigari, aka kira Habsatu, aka kira mu dattawa.

"Ranka shi daɗe," in ji Zaidu, "kakana tasha yab ba aro. Ina tashar take? Ɗiyana ko mota ba su taɓa gani nan ba. Ina son gonata."

Maigari ya ce, "Zaidu, dut mun san abin da kakanka yac ce. Randa na da ruwa?"

"Tana da shi."

"Baƙo na sha?"

"Shina sha."

"To ni ba ni tsallake maganam mamaci."

Zaidu ya juya wajen Habsatu cikin ladabi, don yaro ne mai tarbiyya. "Na ji, Inna. Amma randa ba ta cika kanta. Ina jira."

"Jira, ɗana," in ji ta. "Allah shi ba ka haƙuri."

Ta faɗa da ƙarfin hali. Duk wanda ke wurin ya gane inda Zaidu ya dosa. Habsatu ta tsufa, ba ta barin kowa ya taimake ta, yanzu kuma da masu kore suka yi yawa, in ba a ƙara ruwa ba wuni guda ya isa a ga gindin randa. A ƙasarmu kuma iri in ya shiga ƙasa ba a tone shi, ko da rigima a kan gonar, sai an girbe a yi shari'a. Abin da yake bukata kawai a iske randa a bushe gaban shaidu, ya yi shuka. Garke ba ya shiga shuka. Damina guda ta isa masu kore su sake hanya, daga nan tasha ta mutu mutuwar da ba tashi.

Sai bango ya tsage. A ƙarshen bazarar shekarar da Layya ta faɗo a farkon damina, Habsatu tana jan guga, itacen bakin rijiya ya yi santsi, ƙafarta ta zame, ta faɗi a kan komin shayar da dabbobi. Ƙashin cinya ya karye. Muka ɗora ta a amalanke zuwa bakin kwalta, daga nan mota zuwa Filinge, gidan Sakina, aka kira maɗori. Ni na raka ta, tun da ba ta da wani namiji na kusa sai ni, abin takaicinta.

Maɗori ya ja ƙafar nan ya ɗaure, ko uhum ba ta ce ba. Amma da iskar gabas ta kaɗa, ta kawo ƙamshin ruwa, sai ta fara neman sandarta. Sakina ta kama ta tana jan jiki wajen ƙofa. Na zauna bakin tabarmarta na ce:

"Ke dai kin san hannu guda ba shi ɗaukaj jinka. Bari in tahi in roƙi mata su kama maki."

"Ban taɓa roƙon kowa ba."

"To ai ga ranah hwarawa."

Ta juya fuska wajen bango. Muka yi ta wannan ja-in-ja kwana da kwanaki, gabas kuwa kullum ƙara haɗewa take. Ran da hadari ya taso sosai ta kira ni da murya ƙasa-ƙasa, ba tsokana ba zagi, abin da ban saba ji ba.

"Ibrah, in randa ta bushe, mi za ni ce ma Kailu?" Hawaye na bin kuncinta. "Tahi. Ka ce masu Habsatu na roƙo. Ladan su ɗauka dut, na bar masu."

Na tausaya mata har cikin raina, don na san abin da maganar ta ci mata kafin ta fito.

Na fito, amma ruwa ya riga ni. Ina cikin mota ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwazazzabai suka kawo, ba halin ƙarasawa garinmu sai washegari. Da safe na kama hanya a ƙasa daga bakin kwalta. Duk Bakurfaye ya san safiyar ruwan farko: ba a barin kowa a gida, namiji na sara da sungumi, iyali na bi suna zuba iri suna takewa. Ranar ko gaisuwar kirki ba a yi, balle a tuna da randar wata tsohuwa da ke kwance a Filinge. Ruwan sama kuma ba ya shiga randa mai kasko a baki. Zaidu ma ya san haka.

Ina isowa gindin gawo na iske su: Zaidu da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri a hannu, maigari, da dattawa biyu da aka ɗauko shaida. Maigari ya dube ni ya kawar da kai, shi ma ba son ransa ba ne. Ya sunkuya ya ɗaga kaskon randa ta farko.

Cike take, har ruwa na taɓa baki.

Ya ɗaga ta biyu, ita ma cike. Ta ukun ce kawai ruwanta bai kai wuya ba, kuma kafin wani ya yi magana sai ga mai cika ta tafe daga rijiya, tulu a ka, zane a jiƙe. Ba kowa ba ce illa Balkisa, matar Zaidu.

"Ke!" in ji Zaidu. "Mi kika yi nan? Ba na ce ki riga ni gona ba?"

Ta sauke tulu, ta juye a randa sai da ta cika, ta mai da kasko, sannan ta durƙusa kamar yadda ta saba.

"Ruwa nika zubawa, Maigida. Yau ni, jiya Ummul, gobe Samiratu. Tun ranad da Inna tah hwaɗi munka raba."

"Ba ki san abin da ke tsakanina da wanga hili ba?"

"Na sani. Kai ko ka san abin da ke tsakanin tukunyarka da shi? Bara da rumbu yaƙ ƙare, hatsi bai nuna ba, mi munka ci? Waken gayaunata. Mi yat tashe shi? Takin wurin ga. In ka shuka nan, ka samu bana, ka samu baɗi. Sannan bisashe sun sake hanya, ƙasa ta koma hwara awa wadda kag gudo. Mu ɗebi taki ina? Ka yi haƙuri, Maigida, ban taɓa tsallake maganarka ba. Wagga ɗai nik kasa."

Ni kuwa da na kwaso roƙon Habsatu tun daga Filinge, sai na rasa wanda zan ba. Ashe tun ranar da aka ɗora ta a amalanke matan nan suka raba aikin a tsakaninsu, ba wanda ya sa su, masu kore kuma duk wanda ya shayar da garkensa sai ya ja musu guga.

Maigari ya gyara murya. "To, Zaidu. Randa dai ba ta bushe ba."

Zaidu ya daɗe tsaye yana kallon matarsa, yana kallon baƙar ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, a jiƙe, tana ƙamshi. Na san abin da yake ji, don ni ma manomi ne. Can sai ya jingine sungumi a gawo ya ce, "Miƙo mani moɗa." Balkisa ta ɗebo ta miƙa masa da hannu biyu. Ya shanye, ya goge baki.

"Kaka ya hi ni gani," in ji shi. "Tashi mu tahi gona, rana na yi."

Nan take na sa aka buga wa Sakina waya, aka kara wa Habsatu a kunne, na kwashe labari na gaya mata, har ina ƙara masa gishiri. Na jira in ji kuka ko godiya. Sai ta ce, "Sun dai wanke randunan kahin su zuba?" Daga baya ta ce a gaya wa mata, tsibin takin bana a fara kai wa gonar Zaidu. Aka kuwa kai, amalanke bayan amalanke.

Sauran labarin Hamidu ne ya ƙulla shi. Layya ta matso, an tara masa raguna masu yawa da za a kai Yamai, ga shuka ta fito ko'ina, korar garke a ƙasa ta zama neman rigima da manoma. Dillalin ragunan ya ɗauki hayar babbar mota a Filinge, ta wani direba mai suna Saminu, sai aka rasa inda za a yi lodi ba tare da an ciccibi rago ɗaya-ɗaya ba. Hamidu ya ce ya san wani dandamali da wata tsohuwa ta hana a rushe, ruwa kuma ya danne yashin hanya, mota za ta wuce. Sharaɗinsa ɗaya: akwai fasinja da za a ɗauko daga gidan Sakina, a zaunar da ita a gaban mota.

Habsatu ba ta san komai ba. Ta ɗauka za a sauke ta bakin kwalta ne, amalanke ya ƙarasa da ita. Saminu ya gaya mana cewa da ya karya kan mota ya sauka daga kwalta ya kama tsohuwar hanya, sai ya ji an damƙe masa hannu.

"Ɗana, ka ɓata hanya."

"A'a, Inna. Tasha za mu."

Ya ce daga nan har suka iso bakinta na ta motsi da addu'a.

Yau in ka je Tungar Gawo jajibirin kasuwar Baleyara za ka iske motoci na lodi. Jikan mai shayi ya dawo da benci, an ɗora sabon kwano a rumfa, Habsatu na zaune a kujera da sanda tana yi wa masu cika randa faɗa wai ba su iya wanki ba. Duk wannan na gani, na kuma gode wa Allah. Amma ranar farkon ita ce ba ta fita raina.

Muna gindin gawo da raguna, da hantsi, muka fara jin gurnanin inji daga bayan dutse. Tsofaffi suka miƙe tsaye. Mota ta shigo tana tangaɗi, ta yi baya-baya ta manne da dandamali daidai wa daida, kamar jiya aka auna. Aka buɗe ƙofa, Sakina na riƙe da uwarta. Kafin a sauke ta ta ce, "Balkisa, ɗakina, ƙarƙashin gado." Balkisa ta ruga ta dawo da gudumar Kailu, ƙotar ta yi baƙi don tsufa. Aka ciccibo Habsatu zuwa gindin gawo. Ta ce ba za ta buga a zaune ba. Zaidu ne ya matso ya ba ta kafaɗa, ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta ɗaga gudumar da hannun nan da igiyar guga ta cinye.

Bugun farko tsatsa ce ta zubo mata a ka. A na biyu ƙarfen ya buɗe murya. Wallahi sautin bai canza ba, shi ne dai wanda muka sani muna samari. Ya ratsa gari, ya bugi dutse ya dawo. Mutanen da ke gonaki suka yar da hauya suka nufo tasha, mata suka ɓarke da guɗa, raguna suka rikice. Ni dai kuka na yi a gaban kowa, ban ko rufe fuska ba.

"Ku dubi tsohon banza," in ji Habsatu, ita ma fuskarta sharkaf.

Sannan ta juya wajen maƙabarta, can bayan rijiya, ta ce a hankali, "Kailu, mota ta zaka." Ta miƙa wa Zaidu gudumar, ta dubi matan da ke tsaye bakin randuna.

"Mi kuka jira? Ku ba direba ruwa."